Maigadin Da Ba Ya Jure Zafi

Shekara goma sha ɗaya Iya Mai Kwalba ta yi tana wanke gilasai a ɗakin bincike na hawa na uku, kuma abin da ta fasa a tsawon wannan lokaci bai wuce mazurari guda da murfin butar shayi ba. Saboda haka ranar Litinin da hantsi, da sakatariya ta same ta a bakin famfo ta miƙo mata takarda, ta ce Farfesa, shugabar ɗakin, na so ta sa hannu, Iya ba ta kawo komai a ranta ba. Ta goge hannuwanta a jikin rigar aiki, ta karɓa.

A tsaye ta karanta, leɓɓanta na motsi. Sai da ta shekara talatin da takwas a duniya ta fara riƙe fensir a ajin manya, kuma har yau ba ta yarda ta tsallake kalma ko da ta san abin da ke gaba. Takardar ta ce manyan tulunan gilas tara na aikin Dokta sun lalace cikin mako uku, ƙwayoyin da ake reno a ciki sun mutu, dalili kuwa ragowar sabulu ne da mai wanki ba ta ɗauraye ba. A ƙasa an bar mata layi, ta amsa laifinta, ta karɓi gargaɗi na farko.

"Iya, ba kora ba ce fa," in ji sakatariya. "Gargaɗi ne kawai. Ni kaina ina da biyu a fayil, ga ni ina cin abincina."

"Ke kin riga kin hau kujerarki, 'yar nan."

Sakatariya ta kau da kai, don ta san inda maganar ta dosa. Ranar Juma'a Farfesa za ta aika da sunayen waɗanda za su zauna jarabawar zama cikakkun ma'aikatan gwaji, waɗanda ake bari su taɓa ƙwayoyin da kansu, ba kwalaben da aka gama da su kaɗai ba. Doka ta ce mai gargaɗi a fayil ba ya shiga sai ya shekara. Ta kuma ce wanda ya cika hamsin ba ya shiga ko kaɗan. Iya tana cikin ta arba'in da tara, kuma shekara biyu ke nan tana karatun jarabawar nan, a cikin bas da lokacin hutun rana.

Ta ninke takardar gida biyu ta mayar mata.

"Ki ce wa Farfesa na karanta. Ba zan sa ba."

"Iya!"

"Ki faɗa da ladabi, amma haka za ki faɗa."

Abin da ake reno a ɗakin nan bakteriya ne, ƙwayoyin da ido ba ya gani, a cikin wani ruwa mai launin ɗorawa da kowa ke kira romo. Da safe ake zuba irinsu a cikin romon. In sun ji daɗi, kafin ƙarfe biyu romon ya yi fari-fari kamar ruwan wankin shinkafa. In sun mutu, sai ya tsaya garau, da wasu zare-zare masu yauƙi a gindin tulun. Iya ta fi kowa sanin bambancin, don ita ake kawo wa gawar. Ta kuma san fiye da haka, ko da yake babu wanda ya taɓa tambayarta. Kowace Laraba da safe, in Farfesa ta tara mutanenta a gaban allo, Iya takan sami abin gogewa a teburin baya. Tebur guda takan goge na awa ɗaya cur.

Dokta kuwa wata biyu ke nan da zuwansa. Dogo ne, mai ƙwazo, ba ya iya zama wuri guda. A bayan idonsa ana ce masa Dokta Yanzu-yanzu, don komai ya nema sai ya ƙarasa da wannan kalma. Ƙananan kwalabensa inji ne ke wanke su, kuma ba su taɓa mutuwa ba. Manyan tuluna ba sa shiga injin, Iya ce ke bin su da burushi. Su ne ke mutuwa. Iyakar tunanin da ya yi ke nan, kuma a ido ba shi da aibu.

Mijin Iya mai gyaran keken ɗinki ne, shagonsa a ɗakin gaba na gidansu. Da yamma ta same shi ya kwance wani keke, ƙananan kusoshi jere a murfin gwangwani, tabarau a kan hanci.

"Sannu da zuwa, Malama Likita. Yau kuma wa ya taka miki wutsiya?"

Ta zauna a kan bencin masu jira ta ba shi labari. Ya ajiye sukudireba.

"Ki sa hannu mana, uwar yara. Da hanau gara mannau. In kika ƙi, ba gargaɗi ba, ƙofa za su nuna miki. Ina kika taɓa ganin ƙwai ya yi karo da dutse ya kwashe lafiya?"

"Sau bakwai nake ɗauraye kowane tulu da ruwan famfo, Baban yara, sau uku da tataccen ruwa. In akwai sabulu a ciki, to a can aka haife shi."

"To me ke kashe su?"

"Baƙon da ke cikinsu."

Ta miƙa hannu ta ɗauki ƙwarƙwaron zare daga kan teburinsa.

"Ka ga wannan? Kowace ƙwayar bakteriya tana da zare guda a cikinta, zaren gado, wanda 'yan boko ke ce wa DNA. Ya fi jikinta tsawo sau dubu."

"Ƙarya dai ba kyau."

"Sau dubu na ce. Shi ya sa a nannaɗe yake, an murɗe shi, an yi masa maɗaurai wuri-wuri don kada ya harɗe. A jikinsa aka rubuta duk abin da ƙwayar za ta yi a rayuwarta. Amma ba duka ake karantawa lokaci guda ba. Akwai wani magatakarda da ke bin zaren. Inda ya tarar a buɗe, ya kwafi umarni ya aika a yi aiki. Inda ya tarar a rufe, ya wuce."

"Irin sakatariyarku ke nan."

"Ta fi shi surutu. To su ma bakteriyar nan suna da tasu cutar, bairas. Wani in ya shiga, nan take zai yi ta hayayyafa har ƙwayar ta fashe. Wannan namu kuwa mai wayo ne. Sai ya ɗinke zarensa a cikin na mai gida, ya kwanta barci. Ta haihu, 'ya'ya su gaje shi, jikoki su gaje shi."

"Kamar ƙanenki da ya zo kwana uku."

"Bar ƙanena, ya koma tun bara. Abin da ke hana bairas ɗin tashi maigadi ne, wani ɗan furotin da ke zaune daram a bakin sashensa, daidai inda magatakarda zai fara karatu. Muddin yana zaune, layi ɗaya tak ake kwafa, wanda ke cewa a ƙera wani maigadin. In ya sauka kuwa, an karanta sauran ke nan, cikin awa guda gida ya fashe."

"Me ke sauke shi?"

"Namu na ɗakin nan rago ne, da gangan aka zaɓo shi haka, don ranar da ake son ganin tashin bairas a tayar da shi. Zafi ya kai digiri arba'in da biyu, sai jikin maigadi ya saki, ya faɗo. Shi ya sa aka liƙa takarda a jikin injin reno, kada ya wuce talatin."

"Ashe injin ne ya lalace. Kawo shi in duba muku."

"Lafiyarsa lau. Sau uku Dokta ke duba shi a rana."

Ta juya ƙwarƙwaron a tafin hannunta. Ta ce, "Talata da Alhamis ba sa mutuwa. Litinin, Laraba, Juma'a, su ake kawo mini. Sabulu ya san ranakun mako ne?"

Mijin ya dube ta ta saman tabarau. "Ruwa dai ba ya tsami banza. Amma ki ji, zaren da ya harɗe ba a fizgarsa. Bakinsa ake nema."

"Bakin nake nema."

Kafin bas ya kai ta wurin aiki washegari, ta ga kamar ta kama shi. Kafin zuwan Dokta, da yamma take dafa romo a tukunyar tururi don kashe duk wata baƙuwar ƙwaya, ya kwana a kan tebur. Dokta ya ce shi ba ya aiki da romon da ya kwana, a dafa masa da sassafe. Tun daga nan ƙarfe bakwai da rabi take fito da tulu, shi kuma takwas da rabi ya zuba iri. Talata da Alhamis yana koyarwa, ba ya shigowa sai sha ɗaya.

Ba ta da ikon buɗe tulun romo, don haka ta cika wani irinsa da ruwa zalla, daidai yawan romon, ta dafa su tare, ta fito da su tare. Ta ɗauko ma'aunin zafi ta tsoma a na ruwan. Ƙarfe takwas da rabi ta duba: arba'in da takwas. Ta cire ma'aunin ta goge, ta sake tsomawa, don kada idonta ya ruɗe ta. Arba'in da takwas. Tara da rabi, talatin da tara. Sha ɗaya, talatin. Ta rubuta su a bayan littafin karatunta da manyan lambobinta masu tsayuwa ɗai-ɗai. Ta kuma gwada ƙaramar kwalba, ta ga kafin minti ashirin ta huce.

Ran nan tulun Dokta ya rayu, kamar kowace Talata. Amma labarin ƙin sa hannu ya riga ya kai masa. Da la'asar ya zo bakin famfonta ya naɗe hannun riga.

"Matsa, Iya. Daga yau ni zan wanke tuluna da kaina."

Ta matsa. Ta tsaya tana kallo ya jiƙe har ciki, ruwa na bin gwiwar hannunsa yana ɗiga a takalmi. Ya ɗauraye sau goma sha biyar, ya auna romo ya zuba, ya ja jan layi a wuyan tulun.

"Dafawa kawai za ki yi da safe. Kada ki taɓa cikinsa."

"To, Dokta."

Da ya fita, ta ɗauko ɗaya daga cikin nata da ta wanke, ta zuba ragowar romon da ya haɗa, ta dafa shi a lokacin, ta bar shi ya kwana.

Ranar Laraba ƙarfe takwas aka taru a gaban allo. Farfesa mace ce gajera mai furfura a goshi, sa'ar Iya ce ko ta ɗara ta da shekara guda, kuma ba ta son a katse ta. Tana cikin zana zaren gado da madaukansa Iya ta ajiye tsumma, ta ɗauko tuluna biyu a kan faranti, ta dire su a teburin gaba. Alli ya tsaya.

"Lafiya, Malama?"

"Ranki ya daɗe, an ce in sa hannu sabulu ne ya kashe tuluna tara. Ba sabulu ba ne. Zafi ne. Romon bai gama hucewa ba ake zuba iri, maigadi ya sauka, bairas ya tashi."

Wata ɗaliba ta rufe baki da littafi. Dokta ya yi dariya gajera.

"Iya, ƙaramin sani ƙuƙumi ne."

"Gaskiya ne, Dokta. Shi ya sa ban tsaya ga sanina ba, na auna."

Ta buɗe bayan littafinta ta miƙa wa Farfesa. Farfesa ba ta karɓa ba, amma idonta ya bi lambobin.

"Ina taɓa kowane tulu kafin in zuba," in ji Dokta. Ya taso ya rungumi mai jan layi da tafukansa biyu. "Ga shi. Ya huce."

"Cire safar hannunka, Dokta."

"Me kika ce?"

"Biyu kake sawa, ɗaya a kan ɗaya. Ni da nake fito da su, da fatata nake ji."

Ya dubi Farfesa, Farfesa ta ɗaga masa gira. Ya zare safar ɗaya bayan ɗaya, ya sake kama tulun. Ya riƙe shi fiye da yadda ake bukata, kunnuwansa na motsi.

"Ɗumi ne kawai."

"A wurinka ɗumi ne, kai da kake ƙato. Maigadin fa?"

Farfesa ta ajiye alli. "Malama, kin san aikinki bai kai nan ba."

"Na sani, ranki ya daɗe. Sunana ne ya kai, na biyo shi. Wannan mai jan layi Dokta ne ya wanke da hannunsa, da safen nan aka dafa. Wannan ni na wanke, da burushina da sabuluna, ya kwana ya huce. Romo ɗaya ne. A zuba musu iri ɗaya."

"In naki ya mutu fa?"

"In sa hannu a takardar, in ajiye muku makullin ɗakin wanki a kanta."

Farfesa ta dube ta. Sannan ta juya ga Dokta. "A zuba duka biyun. Yanzu-yanzu."

Wani daga baya ya yi tari don ya ɓoye dariya. Dokta ya zuba, ya sa su a injin reno, ya duba lambar talatin sau biyu, ya rufe.

Iya ta koma bakin famfonta. Ta wanke duk abin da ke jiran wanki, ta sake wanke waɗanda ta riga ta wanke. Abincin da ta zo da shi bai ciwu ba. Lambobi dai ba su yi mata ƙarya ba, amma ta san ƙwayoyin nan ba sa karanta littafin kowa. Sau ɗaya zuciyarta ta raya mata ko ta yi sakaci a tulun jiya, ko sau shida ta ɗauraye ba bakwai ba. Ta bi abin a ranta ɗaya bayan ɗaya, ta ga bakwai ne, ta ci gaba da aiki.

Ƙarfe biyu Farfesa da kanta ta buɗe injin. Ta ɗaga tulun Iya ga hasken taga, fari tas, ko yatsunta ba ta gani ta bayansa. Ta ɗaga mai jan layi. Ta cikinsa ana hango rufin ginin da ke tsallake, zare-zare na yawo a gindi.

Dokta ya matso ya dubi tulun. "A inda na yi karatu, romo mai ɗumi muke amfani da shi. Sun fi saurin girma."

"Na can ba su da baƙo a ciki," in ji Farfesa. "Malama, biyo ni ofis."

A ofis ta zauna, ta ɗauko takardar gargaɗin, ta jefa a aljihun tebur ta tura.

"An bar maganar. Koma bakin aikinki."

Iya ba ta motsa ba.

"Akwai saura?"

"Ranki ya daɗe, abin da aka sa a aljihun tebur ana iya fito da shi."

"So kike in kira shi ya ba ki haƙuri a gaban ɗalibai?"

"Haƙurinsa ba ya shiga fayil. Takarda ce ta ce sabulu. Ina so takarda ta ce zafi."

Farfesa ta cire tabarau. "Kin san da wa kike magana kuwa?"

Iya ta ɗaga kai. "Na sani. Da wadda ta shekara goma sha ɗaya a gaban allo tana cewa abin da ba a rubuta ba bai faru ba."

"Ashe teburin bayan nan ba datti ne da shi ba."

"Ya sha guga dai."

Farfesa ba ta yi dariya ba, amma ta jawo aljihun teburin. Ta yaga takardar gida huɗu ta zuba a kwando. Ta ɗauko babban littafin ɗakin, wanda ake rubuta abin da ya faru da kowane gwaji, ta buɗe shafin ranar.

"Kawo lambobin naki."

Iya ta karanto, ita kuma ta rubuta: takwas da rabi, arba'in da takwas, tara da rabi, talatin da tara, sha ɗaya, talatin. A ƙasa ta rubuta abin da ya kashe tuluna tara da na goma, da wadda ta gano. Ta juyo littafin, Iya ta karanta a tsaye, leɓɓanta na motsi, ba ta tsallake kalma ba.

"Ya yi?"

"Saura takardar Juma'a, ranki ya daɗe."

Farfesa ta yi ajiyar zuciya, ta zaro jerin sunayen daga ƙarƙashin wani fayil. Suna uku ne a kai. Ta ƙara na huɗu, ta sa hannu, ta buga hatimi.

"Jarabawar nan ba ta da sauƙi, Malama. Ba zan nema miki alfarma ba."

"Ban roƙa ba. Ƙofa kawai nake so a bar mini a buɗe."

Da ta koma ɗakin wanki ta tarar da Dokta tsaye, tulu mai jan layi a hannunsa, ba safa. Ya rasa inda zai ajiye shi. Ta nuna masa kwandon da ake tara matattu kafin a kai su tukunyar tururi, ya sa. Ya dubi burushinta.

"Iya, romon gobe... a dafa shi da yamman nan."

Ta buɗe famfo, ta gwada ruwan da bayan hannunta.

"Yanzu-yanzu, Dokta, ko in na gama?"

Ya sosa ƙeya. "In kin gama."